Ƙwallo Da Bangaskiya: Ina Matsayin Kirista A Gidan Kallo?

Sanin kowa ne cewa a ranar 16 ga watan Nuwamba na shekarar 2025, a birnin Rabat na ƙasar Maroko, ƙungiyar Super Eagles ta sha kashi a hannun Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a bugun daga kai sai mai tsaron gida, bayan an tashi kunnen doki ɗaya da ɗaya. Wannan ne ya sa Nijeriya ta rasa gurbi a gasar cin kofin duniya ta shekarar 2026 a Amurka da Kanada da Meziko. Karo na biyu ke nan a jere, domin idan mai karatu bai manta ba, a watan Maris na shekarar 2022 ƙasar Gana ce ta tare mana hanya a Abuja, har 'yan kallo suka fusata suka kutsa cikin fili suka yi ta ɓarna.

Duk wanda ke zaune a Tudun Wada ta nan Sakkwato ya san yadda irin wannan dare yake kasancewa. Matasa na fitowa daga gidajen kallo jiki a sanyaye, wasu ba sa iya cin abinci, wasu kuma su kwana gardama a bakin titi wajen mai shayi. A cikinsu akwai 'ya'yanmu, akwai mawaƙan ikilisiya, akwai malaman makarantar Lahadi, har da wasu dattawa, domin mai wannan rubutu ma yana cikin masu son tamaula. Saboda haka lokaci ya yi da za mu zauna mu dubi wannan al'amari da idon basira. Abin tambaya a nan shi ne, me ƙwallon ƙafa yake yi wa bangaskiyarmu da gidajenmu da zamanmu da maƙwabta? Kuma me ya kamata ikilisiya ta yi, ta hana ne, ta kau da kai ne, ko kuwa akwai wata hanya?

Gidan kallo ya zama dandali

Son wasa da goyon bayan gwani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun kafin zuwan talabijin kakanni sun yi tururuwa zuwa fagen dambe da kokawa, makaɗa irin su Ɗan'anace sun wasa Shago har sunansa ya zaga ƙasar Hausa, kuma har gobe 'yan kallon dambe suna da ɓangarori irin su Arewa da Kudu da Guramada. Abin da ya sauya shi ne fagen. A da sai bayan kaka ake wasa, idan an kai amfanin gona gida. Yanzu kuwa tun daga watan Agusta har zuwa Mayu, kusan babu makon da ba a buga gasar Firimiya ta Ingila ko ta Sifen ko ta zakarun Turai, kuma tauraron ɗan'adam yana kawo su har cikin unguwa.

Gidan kallo ba wani ƙasaitaccen wuri ba ne. Rumfar kwano ce, da bencuna, da akwatin talabijin biyu ko uku, da janareta a waje, da allo a bakin ƙofa inda ake rubuta wasannin ranar da alli. Amma ya zama dandalin samari na wannan zamani. Dalili kuwa a fili yake. Wutar lantarki ba ta da tabbas, kuɗin DStv ya fi ƙarfin talaka, sannan tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hauhawa, tayar da janareta a gida don wasa ɗaya ya zama sai wane da wane. Ko wanda ke da hali ma ya fi son ya je cikin jama'a, domin daɗin ƙwallo yana cikin ihu da zolaya.

Wani abin lura shi ne, matashin da zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona goma sha ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba, da wuya ya ambaci uku daga Sokoto United, alhali filin wasa na Giginya yana nan cikin gari, ba sai ya shiga mota mai nisa ba. Wato zuciyarsa tana Landan ko Madrid, gangar jikinsa ce kawai a Tudun Wada. Wannan ma abin dubawa ne, za mu dawo kansa a gaba.

Ikilisiya ba baƙuwar tamaula ba ce

Akwai 'yan'uwa masu ganin cewa ƙwallo aikin duniya ne, bai kamata mai bi ya kusance shi ba. Muna girmama kishinsu, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya an yi shi ne a shekarar 1904 a Kalaba, tsakanin makarantar mishan ta Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. A Ingila ɗin kanta, manyan ƙungiyoyin da yaranmu ke mutuwa a kansu da yawa daga majami'a suka fito. Aston Villa ta samo asali daga matasan wata majami'ar Metodis a 1874, Everton daga majami'ar St Domingo a 1878, Manchester City daga majami'ar St Mark a 1880, Southampton kuma daga majami'ar St Mary a 1885, shi ya sa har yau ake yi mata kirari da tsarkaka. A birnin Gilasgo na Sikotilan, wani ɗan ɗariƙar Katolika mai suna Brother Walfrid ya kafa Celtic a 1887 domin a sami kuɗin ciyar da yaran matalauta. Waɗannan bayin Allah sun ga matasa na zaman banza da shaye-shaye, sai suka ba su ƙwallo domin su jawo su kusa.

Manzo Bulus kansa bai ƙyamaci fagen wasa ba. Mutanen Koranti suna da babbar gasa da ake yi kusa da birninsu duk bayan shekara biyu, kuma a 1 Korantiyawa 9:24-27 da misalin mai tsere da ɗan dambe ya koya musu kamun kai, yana nuna musu cewa idan ɗan wasa zai hana kansa daɗi saboda rawanin ganye da zai bushe, ina ga mai neman ladan da ba ya lalacewa. A 2 Timoti 2:5 ya tuna mana cewa ɗan wasan da ya karya doka ba shi da kyauta. A 1 Timoti 4:8 kuma ya auna su a ma'auni, ya amince cewa motsa jiki yana da nasa amfani, amma ibada ta fi shi nesa ba kusa ba. Wannan ma'aunin shi ne namu. Wasa yana da wuri a rayuwar mai bi, amma ba shi ne a kan gaba ba.

Benci ɗaya, addini biyu

Babban alherin da ke cikin gidan kallo, wanda sau da yawa ba ma lura da shi, shi ne cuɗanya. Kiristocin Sakkwato 'yan tsiraru ne. Akwai na ƙasar Zuru, da na kudancin Kaduna, da Filato, da Adamawa, da Hausawa masu bi, da 'yan'uwanmu na kudu, kuma mafi yawan hulɗarmu da maƙwabta Musulmi ba ta wuce ta kasuwa da ofis da gaisuwar hanya. Bukukuwanmu daban, ranakun sujadarmu daban, sau da yawa makarantun yaranmu ma daban. Amma a gidan kallo Bitrus da Bello suna zama a benci ɗaya, idan su biyun 'yan Chelsea ne to su ne 'yan'uwa a wannan dare, abokin hamayyarsu kuwa shi ne Yohanna ɗan Manchester United, ko da ikilisiyarsu ɗaya da Bitrus. Na minti casa'in ana sake raba jama'a a kan wani layi dabam, wanda ba na addini ba ne, ba kuma na ƙabila ba.

Kada mu raina wannan. Babu wani Kirista a garin nan da ya manta da watan Mayu na shekarar 2022, lokacin da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a ranar 12 ga watan bisa zargin ɓatanci. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, amma bayan kwana biyu zanga-zanga ta ɓarke, aka taɓa majami'u da shaguna, ciki har da babbar majami'ar Katolika ta Holy Family, gwamnan lokacin Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma ya dakatar da sujada a majami'un Katolika na cikin birni har sai an ɗage dokar. Duk wanda ya ga irin waɗannan kwanaki ya san cewa a ranar tashin hankali, abin da ke da daraja shi ne a sami wanda ya san sunanka a cikin unguwa, wanda zai ce wannan namu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk wani wuri da matasanmu da nasu ke haɗuwa su yi dariya tare, yaɓe ne a jikin bangon.

Tarihin ƙwallonmu ma yana koyar da haka. Garin Kaduna kaɗai ya ba Nijeriya Rashidi Yekini, wanda ya ci mana ƙwallon farko a gasar duniya a wasa da Balgeriya a 1994, da Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Celestine Babayaro, da Garba Lawal. Ranar da aka doke Ajantina da ci 3 da 2 aka ɗauki zinare a Atlanta a 1996, babu wanda ya tsaya tambayar wane ne ke zuwa masallaci wane ne ke zuwa majami'a. Ahmed Musa, wanda ya buga wa ƙasa wasa fiye da 100, Musulmi ne haifaffen Jos, mahaifiyarsa kuwa Kirista ce 'yar jihar Edo. Victor Moses kuma ɗan fasto ne, an kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa a rikicin Kaduna na 2002, aka kai shi Ingila yana ɗan shekara 11. Ya buga wa ƙungiyoyin matasa na Ingila, amma da ya girma sai ya zaɓi rigar ƙasar da ta mai da shi maraya, ya kuma taimaka aka ɗauko kofin Afirka a 2013. Wa'azi nawa za a yi a kan gafara kafin a kai wannan?

To amma kada mu ruɗi kanmu. Wata mai bincike, Salma Mousa, ta shirya gasar ƙwallo a arewacin Iraƙi bayan ta'asar 'yan ISIS, inda ta sa 'yan wasa Musulmi a cikin wasu ƙungiyoyin Kiristoci, ta bar wasu yadda suke, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2020. Ta gano cewa Kiristocin da suka yi wasa tare da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su bayan wata shida, sun kuma fi yarda su zaɓi Musulmi a ba shi kyautar ladabi a fili. Amma da aka fita daga fili, halinsu game da Musulmin da ba su sani ba bai sauya sosai ba. Darasin a nan shi ne, ƙwallo yana buɗe ƙofa ne kawai, shiga ɗaki kuwa aikin mutum ne. Idan abokin kallonka ya yi rashi ba ka je gaisuwa ba, matarsa ta haihu ba ka je suna ba, ya yi Salla ba ka ce masa barka ba, to zumuncinku zai mutu ne tare da janareta. A Gilasgo ma, inda aka kafa Celtic don sadaka, hamayyarta da Rangers ta zama tutar gaba tsakanin Katolika da Furotesta shekara da shekaru. Wato wasan da ke haɗawa shi ne kuma ke iya rabawa, ya danganta ga zuciyar da aka zo da ita.

Caca, kurar da ta shigo garke

Idan akwai abin da ya kamata ya hana iyaye da shugabannin ikilisiya barci, to caca ce. A shekarun baya mai caca sai ya je wani lungu ya ɓuya. Yanzu kamfanoni irin su Bet9ja da SportyBet da BetKing suna cikin wayar da ke aljihun yaro, yana iya zuba kuɗi yana zaune a cikin majami'a ana wa'azi. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, kowace jiha ita ke da ikon tsara nata. A Kano hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a wannan shekarar. Amma rufe shago ba ya rufe waya, saboda haka babu wata hukuma da za ta yi mana wannan aiki a cikin gidajenmu.

Ya kamata a bayyana wa matasa yadda abin yake, domin da yawansu sun ɗauka sanin ƙwallo ne ke sa a ci. A ɗauka ƙungiyoyi biyu ne ƙarfinsu ɗaya. Kamfani zai ce duk wanda ya zuba naira 100 ya ci, za a ba shi 190. Mutum ɗaya ya zuba wa wannan, wani ya zuba wa waccan, kamfani ya karɓi 200 ya biya 190, goma ta zama tasa ko wa ya yi nasara. Haka yake yi a kan miliyoyin mutane kullum. Sannan ga abin da ya fi jan yara, wato haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya don a ci babban kuɗi da ɗan kaɗan. Idan wasa goma ne, kowanne kuma rabi da rabi ne a ci ko a faɗi, to sa'ar cin dukansu ɗaya ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum za ka ji ana cewa wasa ɗaya ne ya yanka tikitin. Ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina tarkon. Wanda ke zuba naira 500 kullum, a shekara ya zuba 182,500, wato fiye da albashin wata biyu da rabi na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wannan jari ne na ƙaramar sana'a. Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ɓarnar ba ta tsaya ga aljihu ba. Caca tana kashe daɗin wasan kansa, domin mai tikiti ba ya kallon gwaninta, kuɗinsa yake kallo, har ya kai yana fatan ƙungiyarsa ta faɗi saboda abin da ya zuba. Tana kuma lalata zumuncin da muka yaba a sama, domin daga rance sai ƙarya, daga ƙarya sai ɗauke-ɗauke. Mata a Zumuntar Mata sun fi kowa sanin inda kuɗin cefane da kuɗin makaranta suke shiga. Gargaɗin da ke 1 Timoti 6:9-10 game da masu ɗokin yin arziki da irin ramin da suke faɗawa, kamar don wannan zamani aka rubuta shi. A nan sai mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Mai wa'azin da ke koya wa jama'a cewa arziki zai sauko dare ɗaya ba tare da aiki ba, ya riga ya share wa kamfanin caca fili a zuciyar matashi.

Wa ke kan kujerar zuciya?

Abu na biyu shi ne lokaci da zuciya. Manyan wasannin Firimiya sukan faɗo ranar Lahadi da yamma, daidai lokacin da ikilisiyoyi da yawa ke taron matasa ko koyon waƙa ko ziyarar marasa lafiya. Na zakarun Turai kuma Talata da Laraba da dare, ana tashi wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, a koma gida yara sun yi barci babu addu'ar iyali. Ba mu ce kallon wasa ranar Lahadi zunubi ne ba. Amma kowa ya gwada kansa da wannan, idan taro da wasa suka haɗu, wanne ne kullum yake ba da hanya? Wanda ke isa gidan kallo minti talatin kafin a take wasa don ya sami benci na gaba, amma sai an gama karatun farko yake shiga sujada, ya riga ya amsa tambayar. Doka ta fari cikin dokoki goma a Fitowa 20 ba a kan gunkin itace kaɗai take magana ba.

Akwai misalin da ya kamata kowane matashi ya sani. Eric Liddell ɗan Sikotilan gwanin tseren mita 100 ne, amma a wasannin Olamfik na Faris a 1924 ya ƙi shiga saboda an sa zagayen farko ranar Lahadi. Ya shiga na mita 400 ya ci zinare, daga baya ya tafi aikin bishara a ƙasar Sin, inda ya rasu a sansanin da Japanawa suka tsare shi a 1945. Ya so gudu ƙwarai, amma ya san abin da ya fi gudu.

Daɗin daɗawa, ƙwallo yana iya cin rai idan an ba shi zuciya duka. A daren 7 ga Fabrairu 2024, lokacin wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Nijeriya da Afirka ta Kudu a Kwaddibuwa, an ba da rahoton mutuwar mutane da dama suna cikin kallo, ciki har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh. Masu hawan jini su ji tsoron Allah su ji tausayin iyalansu.

Sai batun addu'a da tsafi. Bayan wasan Rabat, mai horar da Super Eagles Eric Chelle ya yi zargin cewa wani daga ɓangaren Kwango yana tsafi lokacin bugun fenariti. Mutane da yawa sun yi dariya, wasu kuma sun gaskata. Taribo West, wanda ya zama fasto bayan ya bar wasa, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi amfani da layu a zamaninsa. Mai bi ba shi da rabo a wannan, ko a matsayin ɗan wasa ko ɗan kallo. Ita ma addu'ar a kula kada a mai da ita laya. A wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunisiya a 1994, Nijeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1, Emmanuel Amuneke ne ya ci duka biyun. Zambiya kuwa ƙasa ce da ta rasa 'yan wasanta 18 a hatsarin jirgin sama a gaɓar tekun Gabon a watan Afrilu na 1993, kuma mutanenta sun yi addu'a da hawaye. Shin za mu ce Allah ya fi son mu ne? Ko kusa. Ubangiji ba ɗan kulob ba ne. Abin da ya dace mu roƙa shi ne a tashi lafiya, a yi adalci, ya kuma ba mu halin da za mu ɗauki nasara ba girman kai, mu ɗauki faɗuwa ba zagi. Bakin da ya rera yabo da safe bai kamata ya zagi uwar alƙalin wasa da yamma ba, balle a gaban maƙwabcin da ke auna addininmu da halinmu.

Abin da ya kamata a yi

Da farko muna kira ga fastoci da dattawa da su daina yin kamar ba su san inda matasa suke ba. A yi koyarwa a fili a kan caca, da lissafi da Littafi Mai Tsarki, a kuma buɗe ƙofa ga wanda ya riga ya faɗa ciki ya zo ya faɗi damuwarsa ba tare da an tozarta shi a gaban jama'a ba. Wanda aka kunyata ɓuya zai yi, cacar kuwa ta fi son duhu.

Na biyu, a mai da matasa daga kallo zuwa bugawa. Zumuntar Matasa da Boys' Brigade suna iya shirya gasa a lokacin hutu, amma kada a tsaya ga ECWA ta kara da Katolika ko Baftis ta kara da Angilikan. A gayyaci samarin unguwa, kuma bisa darasin Iraƙi, a gauraya su a ƙungiya ɗaya maimakon a jera Kirista gefe guda Musulmi gefe guda, wanda hakan tsokanar fitina ne. A nemi shawarar mai unguwa da limamai tun kafin a fara, a tsayar da wasa idan lokacin salla ya yi. Kada kuma a manta da 'yan mata, domin Super Falcons ce ta ɗauko kofin Afirka na goma a Rabat a watan Yuli na 2025, bayan Maroko ta fara cin ta biyu ba ko ɗaya.

Na uku, iyaye maza su riƙa ɗaukar yaransu zuwa filin Giginya su ga wasa da idonsu. Kuɗin da ake kashewa a kan rigar kulob ɗin Turai, wani abu daga ciki ya shiga hannun 'yan wasan gida. Annabi Irmiya a sura 29 ya umarci waɗanda ke zaman baƙunci su nemi alherin garin da suke ciki, kuma goyon bayan abin garinku yana cikin nuna cewa ku ma 'yan gari ne.

Na huɗu, masu gidajen kallo da hukuma su kula da tsaro. Ba mu manta da bam ɗin da ya tashi a gidan kallo a Damaturu a watan Yuni na 2014 ana wasan Birazil da Meziko ba, ko na Konduga a watan Yuni na 2019, ko wayar lantarkin da ta faɗo kan gidan kallo a Kalaba a watan Afrilu na 2017 ta hallaka masu kallon Manchester United. A samar da ƙofa fiye da ɗaya, a guji kafa rumfa ƙarƙashin babbar waya, a nisanta janareta da mai daga jama'a, a kuma hana ƙananan yara kaiwa dare. Rigakafi ya fi magani.

A ƙarshe, kai ɗan'uwa mai son tamaula, ka tuna cewa idan ka shiga gidan kallo ba ka tuɓe sunan Almasihu ka ajiye a bakin ƙofa ba. Watakila wanda ke gefenka bai taɓa shiga majami'a ba, ba zai kuma taɓa shiga ba, kai ne kaɗai abin da zai gani ya ce haka Kirista yake. Ka yi murna, ka yi zolaya, ka biya kuɗin shigarka, ka riƙe harshenka, ka tashi idan lokacin sujada ya yi, washegari kuma ka je ka gai da abokin kallonka a ƙofar gidansa. Kofi yana zuwa yana wucewa, wanda ya ɗauka bana wani zai karɓe baɗi, amma maƙwabci yana nan. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ubangiji ya kiyaye matasanmu, ya ba Sakkwato da Nijeriya baki ɗaya salama mai ɗorewa. Amin.